Halilu ɗan Ahmadu, malamin da ya ƙidaya kalmomi

1. Ɗan Basara

An haifi Halilu ɗan Ahmadu wajen shekara ta 718, watau shekara 100 bayan Hijira, a ƙasar Oman. Shi Balarabe ne na kabilar Azdu, daga zuriyar da ake kira Farahidu. Shi ya sa ake ce masa Alfarahidi. Tun yana ƙarami ya koma birnin Basara, a kudancin Iraƙi. Can ya girma, can ya yi karatu, can kuma ya tsufa.

Basara babban birni ne a wannan zamani. Jiragen ruwa na kawo kaya daga Hindu da Farisa, ayarin raƙuma na fitowa daga hamada. A bakin birnin akwai wata kasuwa mai suna Mirbad. Nan makiyaya ke saida raƙuma, nan mawaƙa ke rera waƙoƙinsu. Malamai kan zo da tawada da alƙalami su zauna kusa da su, su rubuta kalmomin da suka ji.

Malaman suna da dalilin yin haka. Mutanen harsuna iri iri sun shiga Musulunci, sun cika birane. Larabcin cikin gari ya fara gauraya. Tsofaffin da suka san ma'anar kalmomin dā suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. In kalma ta ɓace, wa zai gane tsohuwar waƙa? Wa zai fassara littafi daidai?

Halilu ya yi karatu wurin manyan malaman Basara, kamar Abu Amru ɗan Ala'i da Isa ɗan Umaru. Bai tsaya nan ba. Ya shiga hamadar Hijaz da Najadu da Tihama, ya zauna da makiyaya, ya ɗauki harshe daga bakin masu shi.

2. Mai gasasshiyar gurasa

Halilu talaka ne, kuma bai damu da talaucinsa ba. A wata ƴar bukka yake kwana, alhali almajiransa suna samun dukiya da ilimin da ya ba su. An ce wata rana gwamnan ƙasar Ahwaz, mai suna Sulaimanu, ya aiko manzo yana son Halilu ya je ya karantar da ɗiyansa. Halilu ya ɗauko busasshiyar gurasa ya nuna wa manzon. Ya gaya masa muddin yana da wannan, ba shi da bukatar gwamna. Manzo ya koma hannu wofi.

Almajiransa suna da yawa. Wanda ya fi shahara shi ne Sibawaihi, mutumin Farisa, wanda ya rubuta babban littafin nahawun Larabci. A cikin littafin ya ambaci malaminsa a wurare ɗaruruwa.

Duk yaron da ya riƙe allo ya taɓa ganin aikin Halilu. Kafin zamaninsa, da ɗige-ɗige masu launi ake nuna wasula. Shi ne ya tsara alamomin da aka sani yanzu: wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a, da shadda, da hamza.

3. Guduma da waƙa

An ce wata rana Halilu ya bi ta kasuwar maƙeran tagulla. Ya ji guduma na sauka bisa tasa, wani bugu gajere, wani dogo. Ya tsaya yana saurare. Sai ya lura waƙa ma haka take: gaɓa gajera da gaɓa doguwa suna bin juna bisa tsari.

Ya koma gida ya dinga auna baitocin waƙoƙin Larabawa, yana yanka su gunduwa gunduwa da babbar murya. An ce ɗansa ya shigo ya tarar da shi haka, ya fita da gudu yana gaya wa mutane ubansa ya haukace.

Bai haukace ba. Ya gano karin waƙa iri 15, ya zana su cikin da'ira 5. In aka fara karanta da'ira daga wani wuri, a sami kari guda. In aka gusa gaba kaɗan aka fara, a sami wani. Wasu wuraren suna ba da karin da mawaƙa ke amfani da shi, wasu kuwa suna ba da karin da ba wanda ya yi waƙa da shi. Halilu ya rubuta su duka. Daga baya wani malami, Ahfashu, ya ƙara kari na 16. Wannan ilimi shi ake kira aruli. Da shi malaman ƙasar Hausa, irin su Nana Asma'u, suka auna rubutattun waƙoƙinsu.

4. Yadda za a tara kalmomi duka

Babban aikin Halilu shi ne ƙamus. Malaman zamanin kan rubuta ƙananan littattafai: wannan na sunayen dawaki, wancan na raƙuma, wancan na ruwan sama. Kowa yana rubuta abin da ya ji ne, ko abin da ya tuna. Amma mai tsintar gyaɗa a gona ba ya sanin nawa ya bari cikin ƙasa. Halilu yana son littafin da ko kalma guda ba za ta kuɓuce masa ba.

Sai ya sake dabara. Wanda yake son sanin ƴan kasuwa duka, ba sai ya bi su gida gida ba. Ya ƙidaya rumfunan kasuwa tukuna, sa'an nan ya bi su ɗaya ɗaya ya ga wadda ke da mai ita da wadda take wofi. Haka Halilu ya yi. Ya fara da ƙidaya duk hanyoyin da haruffa za su iya jeruwa, kafin ya duba waɗanda suka zama kalma.

Ga misali da Hausa. A ɗauki gaɓa biyu, ri da ga. Jeri biyu kaɗai suke da shi: riga, gari. Dukansu kalmomi ne. In aka ɗauki ko da gi, nan ma jeri biyu ne: kogi, giko. Na farko kalma ce, na biyu rumfa ce wofi.

In gaɓa uku ce, ma da sa da ra, jerin ya zama shida:

masara, marasa, samara, sarama, ramasa, rasama.

Me ya sa shida? Wuri na farko, kowace cikin ukun na iya zama. Wuri na biyu, saura biyu. Wuri na uku, saura guda. Ke nan 3 × 2 × 1 = 6.

Kalmomin Larabci kuwa suna tsirowa ne daga saiwa, kuma yawancin saiwoyin baƙi uku gare su. A ɗauki k, l, m. Jerinsu shida ne: klm, kml, lkm, lmk, mkl, mlk. Uku daga ciki sun shigo Hausa. Daga klm aka sami kalma, daga kml aka sami kamala, daga mlk aka sami mulki. Shi kuwa lkm naushi yake nufi da Larabci.

Halilu ya ga saiwar Larabci ba ta kasa baƙi biyu, ba ta wuce biyar. Ya bayyana jerin kowace:

baƙi 2 suna da jeri 2;
baƙi 3 suna da jeri 6;
baƙi 4 suna da jeri 4 × 3 × 2 × 1 = 24;
baƙi 5 suna da jeri 5 × 4 × 3 × 2 × 1 = 120.

5. Zaɓi dabam, jeri dabam

Haruffan Larabci 28 ne. Saiwa nawa mai baƙi biyu za a iya yi da su, ba tare da an maimaita harafi ba? Wuri na farko yana da hanya 28, na biyu yana da 27. Ke nan 28 × 27 = 756. Haka lissafin ke ci gaba:

mai baƙi 3: 756 × 26 = 19 656;
mai baƙi 4: 19 656 × 25 = 491 400;
mai baƙi 5: 491 400 × 24 = 11 793 600.

In aka tara su duka huɗun, jimla ta zama 12 305 412, watau fiye da miliyan goma sha biyu. Malaman da suka zo bayansa sun rubuta wannan jimla da sunan Halilu. Kaɗan ƙwarai daga ciki ne kalmomin da Larabawa ke faɗi. Sauran harshe ya ƙi su, ko don nauyinsu a baki, ko don ba a taɓa bukatarsu ba.

Akwai wani abin lura. Zaɓen haruffa dabam, jera su dabam. Wanda ya zaɓi k, l, m, da wanda ya zaɓi m, l, k, abu guda suka zaɓa, kamar mai sayen gishiri da barkono da mai sayen barkono da gishiri. Amma a wajen jeri, kalma ba mulki ba ce. Tun da kowane zaɓi na baƙi uku yana haifar da jeri shida, sai a raba:

19 656 ÷ 6 = 3 276.

Ke nan hanya 3 276 ce ake zaɓen harafi uku daga cikin 28. Don haka Halilu bai buɗe wa kowane jeri babi nasa ba. Ya tara jerin zaɓi guda a wuri guda, kamar ƴan ɗaki ɗaya. A kan babin yakan nuna waɗanda ake amfani da su da waɗanda aka bari. Sa'an nan ya kawo ma'anar kowace kalma, da shaida daga maganar Larabawa.

6. Littafin Aini

Saura a san harafin da za a fara da shi. Halilu ya ɗanɗana haruffa a bakinsa ɗaya ɗaya, yana lura da inda kowane ke fita. Ya jera su daga can cikin maƙogwaro, zuwa ganɗa, zuwa harshe da haƙora, har leɓe. Ya sa aini a gaba. Shi ne harafin da ƴan makarantar allo ke kira ambaki. Don haka aka sa wa ƙamus ɗin suna Littafin Aini.

Da ya gama da aini, ya wuce harafi na biyu, ba ya sake komawa ga saiwar da ke da aini, don an riga an ƙidaya ta. Haka babi yake raguwa har ƙarshe. Ba abin da aka tsallake, ba abin da aka maimaita.

Wani almajirinsa, Laisu ɗan Muzaffar, shi ya riƙe littafin a ƙasar Hurasan, ya cika shi, ya yaɗa shi. Shi ne ƙamus na farko da ya nufi tara harshen Larabci gaba ɗaya. An buga shi cikakke a Bagadaza, juzu'i 8, tsakanin 1980 da 1985.

7. Rasuwarsa

An ce da ya tsufa, Halilu ya shiga neman wani lissafi mai sauƙi, wanda ko kuyanga aka aika kasuwa za ta iya shi, mai kanti ba zai cuce ta ba. Ya shiga masallaci yana wannan tunani, bai lura ba ya yi karo da ginshiƙi, ya faɗi. Wannan ya zama ajalinsa. Ya rasu a Basara wajen shekara ta 786.

Tambayar da ya tayar ba ta mutu ba. A birnin Marrakesh na Maroko, wani malamin lissafi, Ahmadu ɗan Mun'im, wanda ya rasu a 1228, ya sake ɗaukar ƙidayar kalmomi. Ya yi misali da tuntun alharini: in launi goma ne, tuntu iri nawa za a haɗa? A Faransa kuma, Blaise Pascal ya rubuta littafi bisa wannan lissafi a 1654. Yau da shi ake sanin yawan lambobin mota da na tarho da ƙasa za ta iya bayarwa kafin su ƙare.

Halilu bai bar gida ba, bai bar garke ba. Ya bar hanya: mai son kada kome ya ɓace masa, ya tsara abin tukuna, sa'an nan ya ƙidaya.

Ma'anar kalmomi

Ƙamus: littafin da ke tara kalmomin harshe da ma'anarsu.
Saiwa: baƙaƙen da kalmomi ƴan gida ɗaya suke tsirowa daga gare su.
Aruli: ilimin auna karin waƙa.
Jeri: sa abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ana kula da na gaba da na baya.
Zaɓi: ɗaukar wasu abubuwa daga cikin wasu, ba a kula da wanda aka fara ɗauka ba.

Tambayoyi

1. Ina aka haifi Halilu? Ina ya yi zamansa?
2. Me malaman Basara ke tsoro game da harshen Larabci?
3. Don me Halilu ya nuna wa manzon gwamna busasshiyar gurasa?
4. Me ya sa aka kira ƙamus ɗinsa Littafin Aini?
5. Mene ne bambancin zaɓi da jeri?

Aiki

1. Ku jera gaɓoɓin ta, ka, ra ta kowace hanya cikin kayenku. Ku ja layi ƙarƙashin waɗanda suke kalmomin Hausa.
2. Ɗalibai 4 za su zauna bisa benci guda. Zama iri nawa za su iya yi?
3. Masaƙi yana da zare launi 5. Yana son ya haɗa launi 2 a kowane zane. Zaɓi nawa gare shi?
4. Ƙauyuka 6 suna gasar kokowa. Kowane ƙauye zai kara da kowane sau ɗaya. Karawa nawa za a yi?
5. Ku tambayi tsofaffin gidanku kalmomi 5 da yara ba su faɗi yanzu. Ku rubuta su da ma'anarsu, ku kawo aji.