Frederick Banting: Likitan da ya raba masu ciwon suga da horon yunwa

Kafin 1922, yaron da ciwon suga mai tsanani ya kama ba kasafai yake wuce shekara biyu ba. Makamin likitoci guda ne: yunwa. Tsarin Dakta Frederick Allen na Amurka ya hana majinyata abinci mai sitaci da zaƙi, har yunwar ta riga cutar kashe wasunsu.

An haifi Frederick Banting ranar 14 ga Nuwamba, 1891, a gonar iyayensa da ke Alliston a Kanada. Ya kammala karatun likita a 1916, ya ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya da kusan ba mai leƙawa. Cikin wannan zaman kashe wando ne, a ƙarshen Oktoban 1920, tunani ya zo masa kan yadda za a tatso sinadarin da wata gaɓa da ke bayan tumbi take fitarwa, wanda ke kwashe suga daga jini ya shigar da shi tsoka. Farfesa John Macleod na Jami'ar Toronto ya ba shi ɗakin gwaji, da karnuka, da ɗalibi mai suna Charles Best.

Allurar farko da aka yi wa Leonard Thompson, ɗan shekara 14, a Janairun 1922 ba ta yi wani tasiri ba. Sai da James Collip ya tace sinadarin, wato insulin, yaron ya farfaɗo. A watan Agusta aka kawo Elizabeth Hughes, 'yar sakataren harkokin wajen Amurka, wadda tsarin Allen ya mayar kamar kilo 20. Banting ya sa aka ba ta abinci har ta ƙoshi, ta rayu zuwa 1981.

A shekarar da ta rasu, a jami'ar ta Toronto, David Jenkins ya fito da ma'aunin saurin da kowane abinci ke ɗaga sugan jini. Ma'aikacin da ya baro Abuja ranar Juma'a ya sauka Ketaren Gwari a Minna, ya tarar da malmalar tuwon shinkafa, jikinsa zai nemi insulin da yawa, kuma da gaggawa. Wake kuwa a hankali yake sakin nasa. Amma girman malmalar ma abin lissafi ne, domin abinci mai tafiyar hawainiya in ya cika kwano, nauyinsa na nan.

Banting mutum ne mai zafin rai. Da aka haɗa shi da Macleod a kyautar Nobel ta 1923 aka bar Best, sai ya fusata, ya raba kuɗinsa biyu da ɗalibin. A rikicin nan tarihi ya nuna bai yi wa Macleod adalci ba. Shi da Best da Collip sun sallama wa jami'ar haƙƙin mallakar insulin a kan dala ɗai-ɗai.

Ya rasu ranar 21 ga Fabrairu, 1941, bayan jirgin saman da zai kai shi Ingila aikin yaƙi ya faɗi a Newfoundland. Yana da shekara 49.