Charles Wesley

Charles Wesley (18 ga Disamba, 1707 – 29 ga Maris, 1788) limamin Cocin Ingila ne, mai wa'azi kuma marubucin waƙoƙin ibada na Kirista. Shi da yayansa John Wesley ne suka jagoranci tafiyar da daga baya ta zama Cocin Methodist. Ya rubuta waƙoƙin coci fiye da 6,000, kuma har yau ana rera da yawa daga cikinsu. Ya bambanta da yayansa a abu ɗaya babba: shi ya ajiye yawon wa'azi ya zauna da iyalinsa, gidansa kuma ya fitar da fitattun makaɗa har zuwa kan jika.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Epworth da ke gundumar Lincolnshire a Ingila. Mahaifinsa, Samuel Wesley, shi ne limamin cocin garin, yana kuma rubuta waƙa. Mahaifiyarsa Susanna ta haifi 'ya'ya 19, kusan rabinsu sun mutu suna jarirai, waɗanda suka rayu kuwa ita ta fara koya musu karatu a gida. Gida ne na ilimi amma babu wadata, don an taɓa ɗaure mahaifin saboda bashi, sannan a 1709 gobara ta cinye gidan ƙurmus.

A 1716 aka kai Charles makarantar Westminster a Landan, inda babban wansa Samuel yake koyarwa. Yana can wani attajirin danginsu a ƙasar Ailan, Garret Wesley, ya nemi ya ɗauke shi ya zama magajinsa, Charles ya ƙi. Dukiyar ta koma hannun Richard Colley, kakan Duke na Wellington.

Ya shiga kwalejin Christ Church a Jami'ar Oxford a 1726. Wajen 1729 ya fara tara wasu ɗalibai don karatun Littafi Mai Tsarki, addu'a da azumi, daga baya suka ƙara da ziyarar fursunoni. Saboda tsananin bin tsari da suke yi ne sauran ɗalibai suka laƙaba musu sunan Methodist don ba'a, sunan kuma ya bi su. Da John ya dawo Oxford sai ya karɓi ragamar ƙungiyar. George Whitefield, wanda ya zama shahararren mai wa'azi, ta hannun Charles ya shigo.

Jojiya da sauyin 1738

An naɗa shi limami a 1735. A shekarar ya bi John zuwa Jojiya, sabuwar ƙasar mallakar Ingila a Amurka, a matsayin sakataren shugabanta James Oglethorpe. Zaman bai yi daɗi ba. Ya yi ta saɓani da mazauna Frederica, aka haɗa shi da Oglethorpe ta hanyar tsegumi, ga ciwon atuni. Ko wata shida bai cika ba ya bar wurin, ya iso Ingila a Disamba 1736.

A jirgin da ya kai su Amurka ya haɗu da Kiristocin Morabiya 'yan Jamus, a Landan kuma ya shaƙu da ɗaya daga cikin malamansu, Peter Böhler. Ranar 21 ga Mayu, 1738, ranar Fentikos, yana kwance da ciwon ƙirji a gidan John Bray, wani maƙerin tagulla, ya sami natsuwar zuciya cewa an gafarta masa ta wurin bangaskiya. Kwana uku bayan haka John ya sami irin wannan a Aldersgate. Daga nan ne rubutun waƙar Charles ya ɓalle.

Wa'azi a fili

A bazarar 1738 ya riƙa shiga kurkukun Newgate yana wa waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa wa'azi, yana raka su har Tyburn inda ake rataye su. Da limamai suka fara rufe musu ƙofofin coci, sai ya koma wa'azi a fili daga 1739. Ya shafe shekaru goma sha bakwai bisa doki tsakanin Bristol, Newcastle, Cornwall, Wales da Ailan. An jefe shi da duwatsu a Sheffield a 1743, a Devizes kuma a 1747 'yan zanga-zanga suka kewaye gidan da ya sauka suna feshe shi da injin kashe gobara.

Aure da iyali

A 1747 ya haɗu da Sarah Gwynne, 'yar Marmaduke Gwynne, wani mai arziki kuma alƙali a Garth da ke Wales. Ya girme ta da kusan shekara 19, ba shi kuma da albashi tsayayye. Mahaifiyarta ta ce sai an tabbatar da fam 100 a shekara kafin ta ba da 'yarta, John ya ɗauki alkawarin biya daga cinikin littattafansu. Shi ne kuma ya ɗaura auren ranar 8 ga Afrilu, 1749. Ma'auratan suka tare a Bristol.

Sarah tana da murya, tana kuma kaɗa kayan kiɗa, ta fi son waƙoƙin Handel. Da farko takan hau doki ta bi mijinta wa'azi. A ƙarshen 1753 agana ta kama ta, ta tashi da ƙyar fuskarta ta canza, ɗansu na fari John kuwa cutar ta kashe shi yana da wata goma sha shida. 'Ya'ya takwas suka haifa, uku kaɗai suka girma: Charles ƙarami (1757), Sarah (1759) da Samuel (1766). Wannan rashi ya bar alama a rubutunsa. Akwai waƙoƙinsa a kan ɗa marar lafiya, a kan mace mai naƙuda, har da yaro mai haƙori, a littafin Hymns for the Use of Families na 1767.

A 1756 ya daina yawon wa'azi, ya tsaya kula da jama'ar Bristol da Landan. John bai ji daɗin haka ba, don a ganinsa aure bai kamata ya rage wa mai wa'azi tafiya ko ta kwana ɗaya ba. Dama akwai tabo tsakaninsu tun 1749, lokacin da Charles ya ji John zai auri Grace Murray, ya garzaya ya sa aka ɗaura mata aure da wani mai wa'azi, John Bennet. Auren da John ya yi daga baya da Mary Vazeille a 1751 ya ƙare da rabuwa. Da wuya a wanke Charles daga wannan shisshigi, ko da yake shi yana ganin martabar tafiyar yake karewa.

Kiɗa a gida

Charles ƙarami bai kai shekara uku ba ya fara kaɗa waƙa a kan wani kayan kiɗa mai kama da piyano. Samuel ya ma fi shi baiwa, yana ɗan shekara takwas ya tsara kiɗan doguwar waƙa a kan labarin Rut, har makaɗi William Boyce ya kwatanta shi da Mozart. Neman malamai ga yaran na cikin dalilan da suka sa iyalin suka fara komawa Landan a 1771, zuwa wani gida a unguwar Marylebone da wata mai hali, Misis Gumley, ta ba su ba haya.

Daga 1779 zuwa 1787 yaran sun riƙa shirya zaman kiɗa a falon gidan, masu kuɗi da masu sarauta suna biya su shiga. Tsoho Oglethorpe yana cikin masu zuwa. Mabiya Methodist da yawa sun ga abin a matsayin shagala da duniya a gidan malami. Charles ya rubuta dalilansa: tunda kiɗa ce sana'ar yaran, gara su yi ta a gaban idonsa da su faɗa hannun miyagun abokai a gidajen wasa, kuma ta haka za su tsaya da ƙafarsu. John ya halarci zaman a 1781, amma bai ɓoye cewa ba wurinsa ba ne.

Dabarar ba ta tsare Samuel yadda uban ya so ba. Kiɗan Latin na cocin Katolika ya ja shi, a 1784 ya shiga ɗarikar, ya kuma tsara kiɗan ibada ya aika wa Fafaroma Pius na Shida. Abin ya yi wa Charles ciwo ƙwarai, ya zuba baƙin cikinsa a waƙoƙin addu'a saboda ɗan. Samuel ya bar Katolika daga baya, ya zama cikin waɗanda suka gabatar da kiɗan Bach a Ingila. Ɗansa Samuel Sebastian Wesley (1810–1876) ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗan coci a ƙarni na 19.

Waƙoƙinsa

Charles baituka yake rubutawa, ba ya tsara karin rerawa. Wasu ne ke sa musu kari, kamar abokinsa John Frederick Lampe, makaɗin gidan wasa, wanda ya fitar da littafin kari a 1746. Handel ma ya sa wa waƙoƙinsa uku kari, Samuel ne ya gano rubutun a Cambridge a 1826. Yawancin masu sauraron 'yan Methodist na farko ma'aikatan ma'adinai ne da masaƙa da ba su yi karatu mai zurfi ba, don haka waƙa ce ta zama hanyar da suke haddace koyarwa. Kusan kowane baiti nasa yana da tushe a wata aya. A 1762 ya buga gajerun waƙoƙi sama da 2,000 yana bin Littafi Mai Tsarki daga farko zuwa ƙarshe. Babban littafin waƙoƙin Methodist na 1780, wanda John ya tace, yana da waƙoƙi 525, mafi yawansu na Charles ne.

Saɓani kan naɗi da rasuwarsa

Charles bai taɓa yarda a fice daga Cocin Ingila ba. A Satumba 1784 John ya naɗa limamai don Amurka, ya ɗora Thomas Coke a kansu, alhali a dokar cocin bishop ne kaɗai ke naɗi. An yi haka a Bristol ba tare da an sanar da Charles ba. Ya ɗauki matakin a matsayin ɓallewa, ya soke shi a wasiƙu da baituka, amma zumuncinsu bai yanke ba.

Ya rasu a gidansa na Marylebone yana da shekara 80. John ya tanadi kabari a harabar ɗakin ibadarsu na City Road, amma Charles ya riga ya bar wasiyya a binne shi a maƙabartar cocin unguwarsa, tunda a Cocin Ingila ya rayu. Limaman cocin takwas ne suka ɗauki akwatin gawarsa. John yana arewacin ƙasar a kan wa'azi, bai halarci jana'izar ba. Sarah ta ƙara shekara 34 a duniya, William Wilberforce da wasu abokai suna tallafa mata da kuɗi duk shekara, ta rasu a 1822 tana da shekara 96.