Tunawa da Nana Asma'u, Kakar Jama'a

'Yan'uwa na gida da na ci-rani, a wannan fitowa za mu tuna da Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ba baƙuwa ba ce gare mu, domin a Maratta, kusa da Galmi, aka haifi mahaifinta a 1754.

An haife ta a Ɗegel a 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hasan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sai matan Shehu suka riƙe ta. Tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da yaƙi da idonta. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin Muhammadu Bello. Ɗansu Abdulƙadir ya gaji wazirci, kuma Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, daga zuriyarta ya fito.

Mun san kakannin da yawa daga cikinmu, Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, sun yi yaƙi da gidansu, har a Gawakuke a 1836. Wannan bai hana mu faɗin alherinta ba.

Babban aikinta shi ne 'Yan Taru. Ta ga matan ƙauye ba su da halin barin ɗakunansu su zo karatu. Sai ta zaɓi tsofaffin mata masu hankali, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, irin alamar da aka san Innar Gobir da ita, don mata su ga abin girmamawa da suka saba. Jaji takan zo da 'yan mata da tsofaffi, su hardace waƙoƙin da Nana ta tsara kan salla da tauhidi da zaman gida, su koma su koya wa matan aure. Hatsi da zuma da tufafin da suka kawo sadaka, takan raba wa mabukata. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Ta ga rasuwar mahaifinta a 1817, da ta Bello a 1837, da ta mijinta, amma ba ta ajiye alƙalami ba sai da ta rasu a 1864. An binne ta a Sakkwato kusa da Shehu, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

To, 'yan'uwa, idan rani ya yi maza suka watse Kano da Legas da Abijan, wa ke riƙe da gida? Kakanni mata ne. Su ke tarbiyyar jikoki, su ke tsaron rumbu. Nana ta gane cewa in tsohuwa ta sami ilimi, gida duka ya samu. Mu riƙa tuna su a aike, mu kuma bar 'yan matanmu su yi karatu, don su ne kakannin gobe.

Allah ya jiƙan Nana, ya jiƙan iyayenmu. Amin.