Frederick Lanchester: Injiniyan birkin faifai da ya rasu cikin ƙunci

Birkin gaba da direbobin hanyar Damagaram zuwa Difa ke takawa idan raƙumi ya gitta musu a wajen Gure, asalinsa yana komawa ne ga wani ɗan Ingila, Frederick Lanchester.

An haife shi a Landan a 1868. A 1895 ya haɗa ɗaya daga cikin motocin fetur na farko a Birtaniya, sannan a 1902 ya yi rajistar birkin faifai: wani ƙarfe mai kama da muƙamuƙi da ke cije faifan da ke juyawa tare da taya.

Dabarar ta yi, amma kayan aiki suka ba shi kunya. Jan ƙarfe ya sa yana gogar faifan, ga ƙara mai kashe kunne, ga ƙurar titunan wancan zamani tana cinye shi da wuri. A 1904 kuma kamfaninsa ya karye.

Ya rasu a Birmingham a 1946, idanunsa sun dushe, hannunsa babu abin kirki. Bayan shekara 7 motar Jaguar mai birkin faifai na Dunlop ta lashe tseren Le Mans a Faransa. A 1955 Citroën DS ta fito da shi kasuwa.