Alimotu Pelewura, Uwar Matan Kasuwar Ikko

Idan ana maganar mutanen da suka ja da Turawan mulki a ƙasar nan, galibi sunayen da 'yan makaranta suka sani na maza ne 'yan boko, watau lauyoyi da 'yan jarida da shugabannin jam'iyyu. Yau kuwa tarihin wata mace za mu kawo wa masu karatu, wadda ba ta taɓa zama a aji ba, ba ta iya karatu ko rubutu ba, amma ta shugabanci dubban mata 'yan kasuwa a birnin Ikko, watau Legas, na tsawon shekaru masu yawa, har ya zama Gwamna da manyan ma'aikatansa ba su iya zartar da wata doka a kan kasuwa ba tare da sun yi lissafi da ita ba. Sunanta Alimotu Pelewura. Abin da ya sa tarihinta ya cancanci a karanta shi ne yadda ya nuna amfanin da ƙungiyar 'yan kasuwa ke yi wa 'ya'yanta, da kuma yadda wannan amfani ke kaiwa ga jama'ar gari baki ɗaya.

An haifi Alimotu a Ikko wajen shekarar 1865, 'yan shekaru kaɗan bayan Ingila ta karɓe garin a 1861. Bayarabiya ce, Musulma, kuma ta tashi a gidan yawa. Mahaifiyarta sana'ar sayar da kifi take yi, ita ma sai ta gaji wannan sana'a tun tana yarinya. A wurin nan ne ta koyi abin da makaranta ba ta koyarwa a lokacin: yadda ake cinikin kaya daga hannun masunta, yadda ake ba da bashi a kuma karɓa, da yadda ake zama da abokan sana'a. Kafin shekarar 1900 ta riga ta zama ɗaya daga cikin manyan mata masu faɗa a ji a kasuwannin garin. A 1910 Sarkin Ikko, Eshugbayi Eleko, ya ba ta sarauta saboda matsayin da ta kai a tsakanin 'yan uwanta mata.

Domin a fahimci aikinta, ya kamata a san yadda kasuwar ƙasar Yarbawa take. A can cinikin abinci da na ƙananan kaya a hannun mata yake tun kaka da kakanni. Kowace kasuwa tana da shugabarta, kowane sashe kuma, na masu kifi ne ko na masu gari ko na masu atamfa, yana da tasa jagorar. Su ne ke raba rumfuna, su sasanta rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa, su hukunta wadda ta yi algus, su kula da tsabtar wuri. Idan wata ta yi rashi ko ta yi biki, 'yan sashenta ne ke tsaya mata. Adashi kuwa shi ne bankinsu, domin bankunan Turawa na lokacin ba sa kallon mai tallan kifi balle su ba ta rance.

A wancan zamani ainihin garin Ikko tsibiri ne, ba ya noma abin da zai ci. Garin rogo da manja da doya da masara daga ƙasar Ijebu da ta Egba suke zuwa, wasu ta jirgin ƙasa ko mota, wasu a kwalekwale ta tafkin da ya kewaye garin, daga wurare irin su Ikorodu da Epe da Badagiri. Naman shanu kuwa daga Arewa yake fitowa, musamman bayan da hanyar jirgi ta isa Kano a 1911. Matan kasuwa su ne igiyar da ta ɗaure manomin ƙauye da ma'aikacin birni. Ranar da suka rufe rumfunansu, akawu da lebura da ɗan doka duk sai su ji a tukunyarsu.

A cikin shekarun 1920 aka zaɓi Pelewura ta zama Alaga, watau shugabar kasuwar nama ta Ereko, wadda take cikin manyan kasuwannin tsibirin. A nan ne basirarta ta fito fili. A ƙarƙashinta kowace mace tana zuba taro, watau kwabo uku, kowane mako a cikin asusun kasuwa. Da wannan kuɗi ake biyan akawuna masu ilmin boko waɗanda ke rubuta wa mata takardun koke, su kuma yi musu tafinta idan za a gana da Turawa. Da shi kuma ake ɗaukar lauya idan an kai wata kotu. Taro ba wani kuɗi ba ne a hannun mutum ɗaya, amma da ya taru daga ɗaruruwan hannaye sai ya toshe kafar da aka fi cutar matan ta cikinta, watau rashin sanin harshen hukuma da dokokinta. Mai sayar da nama wadda a da sai dai ta yi kuka idan ma'aikacin gari ya ƙwace mata rumfa, yanzu tana da mai rubuta mata takarda da mai tsaya mata gaban alƙali.

A tsakiyar shekarun 1920 ne Pelewura da sauran shugabannin kasuwanni suka haɗa kansu wuri ɗaya, suka kafa Ƙungiyar Matan Kasuwa ta Ikko, ita ce kuma ta shugabance ta har ƙarshen rayuwarta. Sun sami goyon bayan Herbert Macaulay, wanda ya kafa jam'iyyar NNDP a 1923. Kowane ɓangare yana da abin da yake samu daga ɗan uwansa. Macaulay yana da ilmi da jarida da sanin hanyoyin shari'a, matan kuwa suna da yawa da kuɗi da haɗin kai. Tsarin mulkin 1922 ya ba Ikko kujeru uku na zaɓe a Majalisar Dokoki, amma maza masu samun fam 100 a shekara kaɗai ke jefa ƙuri'a. Duk da haka matan kasuwa su ne ke cika taron jam'iyya, su ne kuma ke ba da gudummawa. Sa'ad da gwamnati ta tsayar da albashin Eleko a 1920, daga baya ta kore shi zuwa Oyo a 1925, matan kasuwa suna cikin waɗanda suka tsaya masa da dukiyarsu har aka mayar da shi gida a 1931.

Karo na farko da ƙungiyar ta yi da hukuma a kan haraji ya faru ne a 1932, lokacin da jita-jita ta bazu cewa za a ɗora wa mata haraji. Shekara uku kacal ke nan da boren matan Aba na 1929, wanda shi ma irin wannan magana ce ta tayar da shi, aka kuwa yi asarar rayuka. Pelewura ta ja tawagar mata zuwa wurin hukuma, suka kai kukansu cikin lumana, aka ba su tabbacin cewa babu wannan niyya. A wannan shekara kuma aka sa ta cikin kwamitin Ilu, watau majalisar masu sarauta da dattawan gari, a matsayin wakiliyar mata. 'Yan shekaru bayan haka hukuma ta yi shirin tayar da kasuwar Ereko ta mayar da ita unguwar Oluwole. Matan suka ga za a raba su da masu sayen kayansu, suka tsaya a wurin suka hana. Aka kama Pelewura da wasu daga cikinsu aka tsare. Nan da nan matan sauran kasuwanni suka fito, ba su koma ba sai da aka sake su.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ne ya kawo jarrabawa mafi girma. A 1940 gwamnati, da take neman kuɗin yaƙi, ta yi dokar da ta ce duk macen da ke samun fiye da fam 50 a shekara za ta biya haraji. Matan da wannan zai shafa kai tsaye ba su da yawa, amma Pelewura ta hango cewa idan aka buɗe ƙofar, gobe za a rage adadin har ya iso kan mai tallan barkono. A watan Disamba na shekarar aka rufe kasuwanni, mata suka yi jerin gwano suka kai takardar koke wadda suka dangwala wa yatsu, domin a miƙa wa Gwamna Bernard Bourdillon, sa'an nan aka yi babban taro a zauren Glover. Hujjojinsu a fili suke. Harajin mata ba al'adar ƙasar ba ne. Yaƙi ya jawo tsada da rashin aiki, har mata da yawa su ne ke ciyar da mazansu da 'ya'yansu. Bugu da ƙari ba daidai ba ne a karɓi haraji daga hannun wadda ba a ba ta ƙuri'a ba. Gwamnati ba ta soke dokar ba, amma ta ɗaga adadin daga fam 50 zuwa fam 200, abin da ya fitar da kusan dukan matan kasuwa daga ciki.

Ba a daɗe ba sai ga maganar ƙayyade farashi. Daga 1941 gwamnati ta shiga yanka wa kayan abinci kuɗi, aka ɗora aikin a kan wani Bature mai suna Kyaftin Pullen, har tsarin ya ɗauki sunansa. Niyyar dai ita ce a sauƙaƙa wa ma'aikata, domin albashi bai motsa ba, abinci kuwa kullum sai hawa yake. Amma waɗanda suka yanka farashin ba su yi shawara da masu sana'ar ba. Matan suka nuna cewa idan aka haɗa kuɗin saye a ƙauye da na dako da na mota, farashin da aka sa ba zai mayar da uwar kuɗi ba, balle riba. Aka riƙa kama mata ana cin su tara, wasu ana ɗaure su. Daga baya gwamnati ta buɗe wuraren sayar da abinci nata na kanta, inda jama'a ke yin dogon layi, sau da yawa kuma kayan su ƙare kafin layi ya ƙare. Ciniki ya koma bayan fage, tsadar da ake gudu ta ƙaru.

A cikin wannan hali ne aka yi wa Pelewura tayin albashi domin ta kula wa gwamnati da sayar da gari. Ta ƙi, domin ta san karɓar wannan aiki yana nufin ta sa hannu a kashe sana'ar matan da suka ba ta amana. Ƙungiyar ta ci gaba da aika koke da tawaga, tana kuma tsaya wa waɗanda aka kama, har yaƙi ya ƙare aka janye tsarin.

A watan Yuni na 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa da na sauran ma'aikatun gwamnati suka shiga yajin aiki na gama-gari, suna neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, aka yi fiye da mako shida ana yi. Ma'aikacin da ba ya karɓar albashi yunwa ce ke fara karya shi. Matan kasuwa, bisa jagorancin Pelewura, suka rage wa masu yajin farashi, suka kuma ba da gudummawa ga asusun taimakonsu. Wannan ya ƙara tabbatar da cewa faɗan da suka yi da Pullen ba na son tsawwala wa talaka ba ne, domin da hannunsu suka sauke farashi sa'ad da suka ga dalili.

Macaulay ya kamu da rashin lafiya a Kano a 1946, yana cikin rangadin jam'iyyar NCNC, aka mayar da shi Ikko inda ya rasu a watan Mayu. Pelewura ta riga ta tsufa a lokacin, amma ba ta bar jagoranci ba. A 1947 aka naɗa ta Erelu, sarautar da ke ba mace wuri a cikin manyan fadar Ikko. Ta kuma rayu har ta ga an ba matan garin ƙuri'a a zaɓen majalisar gari na 1950, abin da ta nema shekara goma kafin nan. Ta rasu a 1951, dubban jama'a suka raka gawarta. Daga cikin matan da suka tashi a hannunta akwai Abibatu Mogaji, wadda daga baya ta daɗe tana shugabancin 'yan kasuwar Ikko har rasuwarta a 2013.

Mai karatu zai lura cewa ƙarfin da Pelewura ta nuna a ranakun jerin gwano an tara shi ne a ranakun da babu wata rigima, wajen raba rumfa da gaskiya, da sasanta faɗa, da riƙe taron kowace mace ba tare da ya salwanta ba. Wadda aka tsaya mata a kotu jiya, ita ce za ta rufe rumfarta yau idan shugaba ta yi kira. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma duk wata ƙungiyar mahauta ko 'yan tireda ko masu motocin haya da ke son a ji maganarta a ofis, sai ta fara da yi wa 'ya'yanta irin wannan hidima.

Ga ma'aikatan gwamnati da ɗaliban da za su gaje su gobe kuwa, labarin Pullen ya isa abin tunani. Mutumin yana da ikon doka da 'yan sanda, kuma niyyarsa ta taimakon jama'a ce, amma ya tsara farashin gari ba tare da ya tambayi masu sayar da gari ba, sai tsarin ya ƙi tafiya. Duk jami'in da aka ba aikin tayar da kasuwa, ko sa kuɗin rumfa, ko tsara farashi, zai sauƙaƙa wa kansa da jama'a idan ya fara zama da shugabannin masu sana'ar ya ji lissafinsu tun kafin a buga doka. Allah Ya jiƙan Alimotu Pelewura.