Oliba Hebisaid: mutumin da ya taƙaita dogon lissafi

Yau za mu kawo muku tarihin wani Baturen Ingila, Oliba Hebisaid, wanda duk mai riƙe da talho ko rediyo yake cin moriyar aikinsa.

An haife shi a birnin Landan a 1850, a gidan talakawa. Wani zazzaɓi da ya yi tun yana yaro ya rage masa ji. Yana ɗan shekara 16 ya bar lakwal, daga baya ya kama aikin wayar tangaraho. A 1874 ya ajiye aikin, ya koma gida yana koya wa kansa lissafi.

Mun san mai sayar da gero ba ta ƙirga ƙwaya, da tiya take awo. To, haka ya yi wa dogon lissafin wutar lantarki na malam Makswel: ya dunƙule shi ya koma ƙa'ida 4, waɗanda ake koyarwa har yau.

Masana sun saba auna saurin canjin abu mataki ɗaya ko mataki biyu. Shi kuwa, da yake binciken yadda saƙo ke tafiya a doguwar waya, sai ya yi aiki da rabin mataki. Irin wannan lissafi ya dace da abin da ke riƙe tasirin jiya, kamar ɗakin laka da ke riƙe zafin rana har cikin dare. A yau injiniyoyi suna amfani da shi wajen batir da sarrafa injina, suna kuma taƙaita shi don ƙaramar na'ura ta iya ɗauka.

Manyan masana sun ce hujjarsa ba ta cika ba, har suka ƙi buga wani rubutunsa. A 1887 ya nuna dabarar da murya za ta yi nisa a waya ba ta gurɓace ba, amma wani a Amurka, Maikal Pupin, shi ya yi rajistar irin dabarar ya samu dukiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Da kamfanin AT&T ya yi masa tayin kuɗi, ya ƙi karɓa sai an amsa cewa aikinsa ne.

A 1902 ya ce akwai wani rufi a sararin sama mai maido da saƙon rediyo ƙasa, aka kuwa tabbatar a 1924. Shi ya sa gajeren zango ke tsallaka ƙasashe.

Ya rasu a 1925, cikin talauci da kaɗaici, bai taɓa aure ba. Mu dai mu riƙa ba mai haƙƙi haƙƙinsa tun yana raye.