Harold Gillies: Likitan Da Ya Mayar Wa Dubban Mutane Fuskokinsu

Akwai kalmomin aro da kan shigo mana da ruɗani a goye, kuma a iya nazarin da nake yi wa harshe, kaɗan ne suka kai kalmar filastik ɓatar da mai sauraro. Bahaushe in ya ji ta, roba ce ke faɗo masa a rai, buta ko bokiti ko kujerar haya ta gidan biki. Saboda haka in aka ce an yi wa wance tiyatar filastik, sai ya ɗauka roba aka cusa mata a jiki. Alhali kuwa kalmar daga Girkanci ta samo asali, kuma tushenta na nufin mulmulawa da siffantawa, irin yadda maginin tukwane ke sarrafa yumɓu. Kafofin labaranmu sukan fassara ta da tiyatar kwalliya, wanda hakan ɗaukar rabi ne a bar rabi. Domin mu gane rabin da aka bari, ya kyautu mai karatu ya san mutumin da ya aza harsashin wannan fanni a zamanance, wato Sir Harold Gillies, ya kuma ga abin da ya haɗa tarihinsa da halin da muke ciki yau a Zamfara.

An haifi Gillies a garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan ranar 17 ga Yuni, 1882. Shi ne auta cikin 'ya'ya takwas, kuma mahaifinsa ya rasu tun yana ƙaramin yaro. Ya tafi Ingila ya karanci likitanci a Jami'ar Kambirij, inda ya yi fice a tseren kwale-kwale da wasan golf, sannan ya ƙarasa horonsa a asibitin St Bartholomew's da ke Landan. A 1910 ya samu shaidar zama cikakken likitan tiyata, ya kuma karkata ga fannin kunne da hanci da maƙogwaro. Da al'amura sun tafi yadda ya tsara, da ya ƙare rayuwarsa yana duba maƙogwaron mawaƙa da masu hannu da shuni a Landan, babu mai tuna shi a yau.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sauya masa alƙibla. A 1915 ya tafi Faransa tare da ƙungiyar agaji ta Red Cross. Yaƙin na cikin ramuka ne, soja ba ya ɗago komai sama sai kansa, don haka harsashi da tarwatsin bom a fuska suke samunsa. Hular kwano ta rage mace-mace, amma ta bar dubban samari a raye babu hanci, babu muƙamuƙi, wasu babu leɓe. Likitocin fagen daga kuwa abin da suka iya shi ne su ja fata su ɗinke ramin, in ya warke fuskar ta tattare ta zama abin tsoro. A can Gillies ya haɗu da wani likitan haƙori mai suna Charles Valadier da ke ƙoƙarin gyara karyayyun muƙamuƙai, ya kuma je Faris ya kalli yadda Hippolyte Morestin ke rufe rauni da fatar da ya ciro daga wani sashe na jikin majinyaci. Ya dawo Ingila da buri guda a ransa.

Ya shawo kan manyan likitocin soja aka ware masa sashe a asibitin soja na Aldershot a farkon 1916. Da ya ga ba a turo masa majinyata yadda ya kamata, sai ya sa kuɗin aljihunsa, fam 10, ya sayi 'yan takardun liƙawa ɗauke da adireshinsa, domin a maƙala wa duk sojan da ya samu rauni a fuska. Da aka soma gwabzawa a Somme cikin watan Yuli na shekarar, an ce masa ya shirya wa mutum 200, sai ga kimanin 2,000 sun sauka cikin 'yan kwanaki. Wannan ya sa aka buɗe asibiti na musamman a Sidcup, kudu maso gabashin Landan, a 1917. A wannan asibiti aka yi tiyata fiye da 11,000 a kan mutane fiye da 5,000.

Babbar matsalar lokacin ita ce ruɓewa, domin ba a gano maganin fenisilin ba sai 1928, bai kuma wadata ba sai a shekarun 1940. Fatar da aka yanko aka ɗora a wani wuri ba tare da jini na ratsa ta ba, mutuwa take yi. A watan Oktoba na 1917 aka kawo masa wani sojan ruwa, William Vicarage, wanda wuta ta cinye wa fuska a yaƙin Jutland. Da Gillies ya ɗago fata daga ƙirjinsa, sai ya lura gefunanta na naɗewa da kansu. Sai ya ɗinke su suka zama kamar bututu, ya bar gindin a manne da jiki domin jini ya ci gaba da gudana, ya kai ɗaya bakin zuwa fuska. Bayan makonni, idan fatar ta kama a sabon mazauninta, sai a yanke gindin. Da wannan dabara ake iya tafiyar da fata daga ciki zuwa hannu, daga hannu zuwa fuska, zango-zango kamar fatake. Adalci ne a faɗi cewa wani likitan ido a Odessa, Vladimir Filatov, ya riga shi gano wannan hanya da ɗan lokaci, ba tare da ɗayansu ya san aikin ɗaya ba. Haka kuma tun ƙarnoni da suka shuɗe Sushruta a Indiya da Abul Ƙasim Az-Zahrawi a Andalus sun yi rubutu kan gyaran sassan jiki. Abin da Gillies ya ƙara shi ne tsari.

Bai yi aikin shi kaɗai ba. Ya tara likitocin haƙori da masu sassaƙa da masu ɗaukar hoto, ya jawo mai zane Henry Tonks, wanda shi ma likita ne, yana zana kowace fuska kafin aiki da bayansa. A nan ne Ivan Magill ya inganta hanyar zura bututun numfashi a maƙoshi, domin mai sa barci ya kauce wa mai fiɗa hanya, dabarar da har yau ake amfani da ita a kowane ɗakin tiyata, har da na Gusau. An hana madubi a ɗakunan majinyata. A kan hanyoyin da ke kusa da asibitin kuwa an shafa wa wasu bencina shuɗin fenti, alamar cewa mai zama a kai fuskarsa na iya firgita mai wucewa. Duk wanda ya san yadda muke ɓoye nakasasshen yaro a ƙuryar ɗaki ranar suna, ba sai an yi masa dogon bayani kan waɗannan bencina ba.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A 1918 ya yi wa wani matashin matuƙin jirgin sama, Henry Lumley, aiki mai girman gaske a zama ɗaya, domin maye fuskarsa da ta ƙone baki ɗaya. Jikin bai ɗauka ba, fatar ta ruɓe, saurayin ya mutu. Gillies bai ɓoye wannan ba, ya rubuta shi a littafinsa na 1920 kan tiyatar fuska, ya ɗora laifin a kan gaggawa. Daga nan ya riƙi ƙa'idar yin aiki kaɗan-kaɗan, da jinkirta duk abin da jinkirinsa ba zai cutar ba, da tanadar mafita tun kafin a sa wuƙa.

Bayan yaƙi ya buɗe wurin aikinsa na kansa, kuma a nan ne ya shiga tiyatar kwalliya sosai, yana ɗame fuskar attajirai, yana daidaita hanci, abin da ya sa wasu abokan aikinsa suka riƙa yi masa kallon raini. An ba shi sarautar Sir a 1930. Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ƙwararrun wannan fanni huɗu ne kacal a Birtaniya, shi da Pomfret Kilner da Rainsford Mowlem da ɗan uwansa Archibald McIndoe, wanda ya shahara wajen jinyar matuƙan jirage da suka ƙone. A 1946 ya zama shugaban farko na ƙungiyar likitocin fannin a ƙasar, a 1957 kuma ya fitar da babban littafinsa tare da almajirinsa Ralph Millard. Yana da shekara 78, yana tsaka da yi wa wata yarinya aiki a ƙafa, ciwon shanyewar jiki ya taɓa shi. Ya mutu a Landan ranar 10 ga Satumba, 1960, makonni uku kafin Nijeriya ta samu mulkin kai.

To, me ya kawo tarihin wannan Bature shafin nan? Dalilin shi ne, a jiharmu akwai fuskoki irin na Sidcup. Akwai wata cuta mai suna noma, wadda ita ma sunanta wani ruɗanin ne, domin Bahaushe in ya ji noma gona yake tunawa, alhali kalmar Girkanci ce mai nufin cinyewa. A ƙauyukanmu wasu na kiranta ciwon daji, wasu na danganta ta da iska, sai a ɓata kwanaki ana turare da rubutu. Takan kama yara masu shekara biyu zuwa shida da yunwa ta raunana, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Da kumburin dasashi da warin baki take farawa, cikin 'yan kwanaki ta huda kumatu ta ci leɓe da hanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan tara cikin goma na waɗanda ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi, alhali a matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsabtar baki sun isa su tsayar da ita. Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato, wanda aka kafa a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta soma tallafa masa a 2014, yana yi wa waɗanda suka tsira tiyata kyauta, ana ciro fata daga ƙirji ko goshi a rufe ramin mataki-mataki, bisa ƙa'idojin da Gillies ya shimfiɗa. Nijeriya ce ta jagoranci fafutukar da ta sa Hukumar ta saka noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a watan Disamba na 2023. Mu haɗa da waɗanda harsashi da adda suka sauya wa kamanni a hare-haren 'yan bindiga a yankunan Tsafe da Bunguɗu, da jariran da ake haifa da tsagaggen leɓe, da matan da wutar girki ta ƙona. Waɗannan su ne rabin da fassararmu ta manta da shi.

Ɗaya rabin kuwa shi ne ke shigo mana ta wayoyin hannu, tallace-tallacen ƙarin ƙugu da cika leɓe da allurar hasken fata, daga Legas da Abuja da Alƙahira da Istanbul. Ba sabon abu ba ne. Tun 1899 wani likita a Biyana, Robert Gersuny, ya soma yi wa mutane allurar narkakken kaki irin na kyandir, aka yi ta rububi, daga baya kakin ya riƙa dunƙulewa yana lalata fuskoki. Na yau sun fi wancan inganci, amma ba su rabu da haɗari ba. Botox, wanda Amurka ta amince a yi kwalliya da shi a 2002, dafin wata ƙwayar cuta ne da ke sanyaya tsoka na wata uku zuwa huɗu. Ruwan cika fuska kuwa in ya kuskure ya shiga jijiyar jini yana iya kashe fata ko ya makantar, wato garin neman gira a rasa ido a zahirinsa. Ba mu manta da rasuwar Stella Obasanjo a Sifen ranar 23 ga Oktoba, 2005 ba, bayan tiyatar rage kitse, inda kotu a can ta yanke wa likitan ɗaurin shekara ɗaya a 2009 saboda sakaci. Idan hakan ta faru da matar shugaban ƙasa a Turai, ina ga 'yarmu da za ta miƙa jikinta ga mai shago da bai taɓa shiga ajin likitanci ba?

Addininmu ya daɗe da bambance waɗannan biyu. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito labarin Sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinare. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Maleshiya a 2007, ta halatta tiyatar kawar da lahani da maido da amfanin gaɓa, ta kuma hana sauya lafiyayyar halitta don bin son rai.

Ina ganin akwai aiki a gabanmu, mu da Allah Ya ba ilimin zamani. Masu fassara a gidajen rediyo da jaridu su raba kalmomin, su ce tiyatar maido da halitta in ana maganar yaron noma, su ce tiyatar kwalliya in ana maganar ado, domin kada uba a ƙauye ya hana ɗansa magani yana zaton gayu ne. Ma'aikatan ɗakunan shan magani a koya musu buɗe bakin duk yaron da aka kawo da rama su duba dasashinsa. Gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin horar da 'ya'yanta a wannan fanni, ta kuma sauƙaƙa wa talaka tafiyar Gusau zuwa Sakkwato, wadda kuɗin mota da fargabar hanya suka mayar doguwa. Wanda kuma ya ƙudurta sai ya yi ado da allura ko wuƙa, to ya tambayi rajistar likitan da Hukumar Likitoci ta Ƙasa, ya san sunan abin da za a zuba masa, ya san inda za a kai shi in abu ya ɓaci. Gillies mai ilimi da ƙwarewa ma ya yi gaggawa sau ɗaya ya rasa rai, ya kuma kwashe sauran shekaru arba'in na aikinsa yana gargaɗin almajiransa a kanta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.